Waza, Benuwe ko Zakuma: Ina Mai Son Kallon Tsuntsaye Zai Fara Zuwa?

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan rubutu. Tun bara ya sayi madubin hangen nesa na hannu, wanda mu a nan Garwa muka fi sani da jumel, kuma tun daga lokacin bakin kogi ya zama gidansa na biyu. Ran nan bayan sallar isha ya same ni a ƙofar gida ya ce, "Kawu, na ɗan tara kuɗi, kuma ina da hutun mako guda. Tsuntsayen gindin gada duk na san su. Waza zan je, ko dajin Benuwe, ko kuwa in ƙara haƙuri har kuɗin Zakuma su cika?" Na ce masa ya jawo tabarma, don wannan ba amsar tsaye ba ce. Na kuma san ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba, domin samari da yawa a Marwa da Kusiri da Injamena sun fara ɗaga kai suna son sanin sunan abin da ke shawagi a samansu.

Duk gandun dajin nan uku na shiga su, kuma abin da na lura shi ne kowanne da irin karatun da yake ba ido. Mai zaɓe ya fara tambayar kansa: yawa nake son gani, ko sani nake son samu? Daga nan sai maganar aljihu da ta tsaro su biyo baya.

Bari in fara da Waza, tunda shi ne sunan da kowa ya tashi da ji. Yana lardin Arewa Mai Nisa na Kamaru, kimanin kilomita 120 arewa da Marwa, a kan hanyar Mora zuwa Kusiri. Tun 1934 Faransawa suka keɓe shi, ya zama gandun daji na ƙasa a 1968, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,700. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne sarari. Ta yamma akwai 'yar itatuwa, a tsakiya dajin dushe ne mai jan ɓawo, sai ka nausa gabas ƙasa ta buɗe gaba ɗaya ta zama fadamar da Fulani ke kira yayre, inda ambaliyar kogin Logon ke kwanciya duk shekara. A can babu abin da zai tare maka ido har inda sama ta haɗu da ƙasa.

Wannan sararin alheri ne ga sabon shiga. Tsuntsayen Waza manya ne, kuma a fili suke. Jimina ba ta buƙatar littafi. Gauraka ma haka: tukkun zinariya a ka, kumatu fari daga sama ja-ja daga ƙasa, in ta buɗe fiffike ka ga fari fat. Babba-da-jaka na tsaye a bakin tafki, dinya da kirinjijiya na cikin ruwa, tuje na takawa cikin ciyawa da isa, zabin daji kuwa garke-garke suke tsallaka hanya. An lissafa tsuntsaye iri 379 a wannan yanki. A lokacin hunturu kuma baƙi na sauka daga Turai, har da wata babbar shamuwa fara mai jan baki da jajayen ƙafafu, da ƙananan agwagin ruwa masu yawan gaske. Ta fuskar dabbobi, raƙumin dawa shi ne sarkin Waza. Da wuya ka shiga ka fito ba ka gan shi yana tsinkar ganyen ƙaya ba. Akwai mariya da dari da gwanki da barewa. Giwaye kuwa masu yawo ne, wani lokaci su yi arewa wajen Kalamaluwe, da damina su gangara kudu har gonakin mutane. Zaki yana nan amma ya yi ƙaranci ƙwarai, kada kowa ya tafi da alkawarin ganinsa.

Sai dai Waza na yau ba Waza na kakanninmu ba ne, kuma dalilin farko ruwa ne. A 1979 aka gina madatsar Maga domin noman shinkafa, aka kuma tare gaɓar Logon, sai ambaliyar da ke ciyar da yayre ta ragu sosai. Ciyawa mai ɗorewa ta mutu a wurare da yawa, kifi ya ragu, mariya ta ragu, tsuntsayen ruwa suka bi sahu. A 1994 aka buɗe wata mashiga aka mayar da ruwa wani ɓangaren fadamar, abubuwa suka ɗan farfaɗo. Dalili na biyu shi ne wanda ya fi damuna. A watan Fabrairun 2013 'yan Boko Haram suka sace wasu Faransawa iyali guda a kusa da Dabanga bayan sun fito daga yawon Waza, a watan Mayun 2014 kuma aka kai hari garin Waza aka tafi da ma'aikata 'yan China. Daga nan baƙi suka ɗauke ƙafa, masauki ya lalace, hanyoyin cikin daji suka rasa gyara, shanu da mafarauta suka samu sarari. Ba na cewa kada a je. Ina cewa wanda zai je ya fara jin ta bakin hukumar gandun da jami'an tsaro a Marwa ko Mora a makon da zai tashi, ya yi tafiyar rana, kuma in an ce masa ya dakata to ya dakata. Tsuntsu ba ya ƙarewa, rai kuwa guda ne.

Dajin Benuwe wata duniya ce dabam, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin shi ne mutane suka fi rainawa. Yana kan hanyar Garwa zuwa Ngaundere, ta hannun gabas. An keɓe shi a 1932, shi ma ya zama gandun ƙasa a 1968, faɗinsa murabba'in kilomita 1,800. Nan daji ne na itatuwa: doka da baushe da marke, a bakin rafuka kuma maɗaci da kanya sun yi duhuwa. Ga tsaunuka, ga doguwar ciyawa. Ma'ana, dabba tana iya zama taku ashirin daga inda kake ba ka sani ba. Mutum zai iya yini a mota ya dawo yana cewa dajin babu komai.

Kuskuren kenan. Benuwe ba dajin mota ba ne, dajin zama ne da sauraro. Je ka wajen masaukin Buffle Noir, wanda ke kan gaɓar kogin, ka sauka da ƙafa tare da mai gadin daji, ka sami dutse ka zauna kafin rana ta fito. Da rani ruwa ya janye ya bar yashi da kududdufai masu zurfi inda dorina ke kwana. A kan yashin nan ne za ka ga tsuntsun da Turawa ke biyan kuɗin jirgi don su gani. Ɗan ƙarami ne, bai kai kurciya ba, bayansa toka-toka mai shuɗi, cikinsa ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, kansa baƙi da farin layi a saman ido, ga baƙin zare ya ratsa ƙirjinsa kamar ɗan sarki ya rataya laya. Shi ake ce wa tsuntsun kada, saboda tsohon zancen da ke cewa yana shiga bakin kada ya sakace masa haƙora, zancen da masu bincike ba su tabbatar ba. Abin da aka tabbatar ya ma fi wannan ban mamaki: yana binne ƙwansa cikin yashi, in rana ta yi zafi sai ya je ya jiƙa gashin cikinsa a ruwa ya dawo ya kwanta a kai don ya sanyaya. Na taɓa zama fiye da awa guda ina kallon ɗaya yana wannan zirga-zirga tsakanin ruwa da yashi, har yau kuwa in an ce Benuwe shi ke fara zo mini a rai.

Ɗaga kai ka dubi gaɓar da ruwa ya zaftare, za ka ga ramuka jere kamar an huda da tsinke. Gidajen wani koren tsuntsu ne mai jan maƙogwaro da shuɗi a ƙarƙashin wutsiya, mai cafke ƙudan zuma a iska ya dawo reshe ya buga shi kafin ya haɗiye. A cikin duhuwar bakin rafi akwai kurciyar Adamawa, wadda ta fi kurciyar gari girma da duhu, ƙirjinta ja-ja, da baƙin tabo a gefen wuya. Wurare kaɗan ne a duniya ake samunta, kuma namu na cikinsu. Mai sa'a zai iya cin karo da wata ƙatuwar mujiya mai launin jan ƙasa wadda kifi ne abincinta. Cinawuya iri-iri ne a nan, daga ɗan mitsitsi mai shuɗi har babba mai kama da hankaka a girma. Burtu na tafe a ƙasa bibbiyu ko uku-uku, gaggafa na shawagi da gajeriyar wutsiyarta. Jimillar tsuntsayen dajin ta haura iri 300, amma kowanne sai ka yi masa aiki. Yawanci kunne ke fara kamawa, ido ya biyo baya.

Wannan wahalar ita ce ribar. Wanda ya koyi rarrabe dabba a Benuwe, inda rabin jikinta kawai zai gani ta tsakanin itatuwa, ya koya ke nan har abada. A can na gane cewa ba launi ake fara dubawa ba, ƙaho da tsayuwa ake dubawa. Mariya ja ce mai sheƙi, gaban ƙafafunta na gaba baƙi, ƙahon namijin ya lanƙwasa baya sannan ya ɗago. Kwanta-rafi ya fi ta ƙanƙanta, ƙahonsa gajere ne ya ƙudundune gaba. Gwambaza gashinsa buzu-buzu, ba ya nisa da ruwa. Kanki doguwar fuska gare shi, kafaɗa ta fi ƙugu tsawo. Gwanki kuwa fuskarsa baƙi da fari, kunnuwa dogaye kamar na jaki. Sannan akwai wanda ya fi su duka girma, mai murɗaɗɗen ƙaho da fararen zane a jiki, wanda Fulani ke kira yamusa. Dazuzzukan nan namu na Benuwe da Faro da Buba Njida suna cikin wurare na ƙarshe da ya rage, amma tsoronsa ya yi yawa, ganinsa rabo ne.

Benuwe ma yana da ciwonsa. Masu haƙar zinariya sun shiga bakin kogi, makiyaya na ratsawa da shanu, mafarauta na kafa tarko, shi ya sa dabbobin suka zama masu firgita. Ga tsando, wanda cizonsa ba wasa ba. Kada ka sa baƙin kaya ko shuɗi, su ne ke jawo shi, ka nemi ruwan ƙasa mai dogon hannu. Ka kuma binciki halin da masauki ke ciki kafin ka tashi, ka tafi da ruwanka da guzurinka.

Zakuma kuwa, gaskiya ɗaya ce: a yau babu kamarsa a duk yankinmu. Yana kudu maso gabashin Chadi, kusa da Am Timan, an kafa shi a 1963, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 3,000. Labarinsa na kuka ne da ya koma na murna. A 2002 giwayensa sun haura 4,000. Kafin 2010 mahaya dawakai masu neman haure sun mayar da su ƙasa da 500. A shekarar ce gwamnatin Chadi ta damƙa kula da dajin ga ƙungiyar African Parks. Ba a samu nasarar a banza ba, domin a 2012 an kashe wasu masu gadin dajin a Heban suna cikin sallar asuba, Allah ya jiƙansu. A shekarar nan dai aka yi wa giwayen Buba Njida namu kisan gilla, ɗaruruwa cikin 'yan makonni. Bambancin shi ne a Zakuma an tsaya tsayin daka har kisan ya kusan ƙarewa, giwaye suka koma haihuwa, adadinsu ya sake haura 500. Ɓauna dubbai ne, kuma kusan rabin irin raƙumin dawan yankinmu da ya rage a duniya yana can. Har karkanda aka dawo da ita daga Afirka ta Kudu, shida a 2018, huɗu suka mutu, aka ƙaro biyar a ƙarshen 2023. Wannan ya taɓa ni, domin irin karkandar da muke da ita a arewacin Kamaru an neme ta a 2006 ba a samu ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar ta ƙare a duniya.

Ga mai tsuntsaye, wurin zuwa shi ne fadamar Rigek a ƙarshen rani. Ruwa ya ƙafe ko'ina sai nan, don haka komai nan yake taruwa: gauraki, dinya, kwasakwasa, babba-da-jaka, zalɓe iri-iri, ga dari da gwambaza a tsakaninsu, ga zaki kwance a inuwa yana jira. Da yamma sai jan-baki su zo shan ruwa. Manomin masakwa, wato dawar rani, ya san wannan tsuntsu a matsayin annoba, kuma yana da gaskiya, don garke guda kan share gona. Amma ganinsu miliyoyi suna murɗawa a sama kamar hayaƙi, fiffikensu na ƙara kamar iskar hadari, reshe na karyewa don nauyinsu, abu ne da ke sa mutum ya yi tasbihi bai shirya ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a Rigek ko ƙimar ma gagara take.

To me zai hana kowa ya tafi can? Nisa da kuɗi. Daga Injamena kusan kilomita 800 ne ta hanyar Mongo, tafiyar yini guda cur ko kwana biyu, kuma sai da mota mai ƙarfi. Mutumin Garwa sai ya fara kaiwa Kusiri, ya haye gadar Ngeli, sannan tafiyar ta soma. Kuɗinmu ɗaya ne, sefa, wannan sauƙi ne, amma hayar mota da mai da kwana a masaukin Tinga za su cinye abin da zai kai mutum Benuwe sau da yawa. Mako guda ba ya isa, rabinsa a hanya zai ƙare. Da damina kuma dajin rufewa yake don ruwa ya mamaye shi. Ga 'yan'uwanmu mazauna Chadi lissafin ya sha bamban: an tanadar wa 'yan ƙasa sansani mai sauƙi, in kuka haɗu mutum biyar ko shida kuka raba kuɗin mota, Zakuma ya fi muku kusa da hankali fiye da tsallakowa Kamaru.

Akwai wata illa ta Zakuma da ba a cika faɗa ba. Wanda ya fara da shi idonsa kan ƙoshi kafin ya koyi tauna. Tsuntsu dubu a gabanka, ba ka san wanda za ka kalla ba, ka dawo da hotuna cike da waya amma ba ka iya bambanta zalɓe biyu. Wanda ya riga ya san tsuntsaye 100 shi ne zai ci moriyar wurin, don idonsa zai tsallake sanannu ya faɗa kan baƙo.

Maganar lokaci ta shafi duka ukun, amma ba daidai ba. A Waza, Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin tsuntsaye, ruwa bai gama ƙafewa ba kuma baƙin Turai suna nan. Maris da Afrilu lokacin dabbobi ne a bakin tafkuna, amma zafi kan wuce 40 a ma'auni. Benuwe yana buɗe ido ne bayan an ƙone ciyawa, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, ko da yake ƙurar hunturu kan dusashe hoto. Zakuma ya fi armashi daga Fabrairu zuwa Afrilu. Kada kuma wanda ya je a watan Janairu ya nemi shamuwarmu ta gida, baƙa mai farin ciki. Ita baƙuwar damina ce, da rani tana can kudancin Afirka, sai ta ji ƙamshin hadari take dawowa.

Harshe ma abin dubawa ne, domin mai gadin dajin da zai raka ka shi ne littafinka na farko. A Benuwe Fulatanci ke aiki, kuma Hausa ba ta ɓata. A Waza za ka ji Larabcin Shuwa da Barbarci da Fulatanci. A Zakuma in ba ka da Larabcin Chadi ko Faransanci za ka rasa rabin karatun. Mutanen nan sun san kukan kowane tsuntsu da sawun kowace dabba, wasunsu kuma sun yi karatu a makarantar koyon kula da namun daji ta nan Garwa, wadda tun 1970 take horar da ma'aikata daga ƙasashen Afirka da dama. Ni dai dabarata ita ce in rubuta sunan da mai gadi ya faɗa da harshensa, in zana siffar baki da ƙafa a ɗan littafina, sai na koma masauki in duba Merlin, manhajar waya ta gane tsuntsaye. A sauke bayananta tun a gari, don a cikin daji waya ba ta da amfani sai ɗaukar hoto.

Da na gama wannan dogon bayani sai yaron ya ce, "To Kawu, a taƙaice ina zan je?" Na ce masa Benuwe, ba tare da wani kokwanto ba. Yana kusa da gida, kuɗinsa za su ishe shi kwana uku ko huɗu a bakin kogi maimakon su ƙare a hanya, hankalin uwarsa zai kwanta, kuma zai dawo da kunne da idon da zai yi amfani da su ko'ina. Da a Marwa ko Mora yake zaune, kuma hukuma ta ce hanya lafiya, da Waza zan tura shi a watan Disamba, don babu inda ya fi shi sauƙin koyon manyan tsuntsayen fadama. Zakuma kuwa na ce ya bar shi sai baɗi ko baɗin baɗaɗa, ya samu abokai huɗu su yi adashi, su ware kwana goma, su tafi a watan Maris.

Ya amince. Mun tsayar da mako na biyu na Janairu, ni ma zan bi shi. Na ce ya nemo riga mai ruwan ƙasa, da ƙaramin littafi da fensir biyu, ya kuma ci gaba da zuwa gindin gada kowace asuba kafin lokacin, amma yanzu ya riƙa rufe ido na minti biyar yana faɗin sunan duk abin da ya ji ya yi kuka.